Baban Kifi da Ƙarar Takalmi

Baban Kifi ake ce masa a ɗakin gwaji, har matarsa haka take kiransa in ta so tsokana. Aikinsa ba wuya. Akwatin gilashi ne cike da ruwa, an raba shi biyu, da ƙofa a tsakani. Yakan kunna jar fitila, ya ɗan dakata, sai ya saki ɗan lantarki a ɓangaren da kifin yake. Ba a jimawa sai kifin ya gane karatun: fitila na kamawa, ya tsallake ɗaya ɓangaren. Abin da ke ba Baban Kifi dariya shi ne, ko an cire wayar lantarkin gaba ɗaya, kifin ba ya daina gudu. Yakan ƙwanƙwasa gilashin ya ce, "Kai dai wawa ne. Tsaya ka gani mana."

Burinsa ɗaya ne a duniya, ya zama shugaban ma'aikatan ɗakin kafin ritaya. Har kaya ya ɗinka saboda ranar, ya hana kowa taɓawa.

Tsohon darakta masifaffe ne, takalminsa kuma mai ƙwas-ƙwas. Tun ranar da ya wanke Baban Kifi tas a gaban ɗalibai saboda famfon da aka bari a buɗe, da ya ji ƙwas-ƙwas a baranda sai ya suri bokiti ya shige sito. Wai shi a dole dabara ce, da ita yake taƙama.

Daraktan ya tafi, aka kawo wata mai sanyin hali, sai dai ita ma takalminta na ƙara. Abokan aiki suka ce masa ba ta da faɗa. Ya ce ai duk haka suke farawa.

Wata safiya yana sito, tsakanin buhunan abincin kifi, ya ji sabuwar daraktar ta tsaya tana tambayar abokin aikinsa ina wannan bawan Allah yake, kullum ta zo ba ya nan.

Ta ce, "Shi na so in ba shugabancin, ya fi kowa daɗewa. Amma ba zan ɗora wanda ban taɓa gani a bakin aiki ba. Kai za ka riƙe."

Hannun Baban Kifi na kan mariƙin ƙofa. Murɗawa kawai ta rage, ya kuma san haka, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Amma sai da ƙarar takalmin ta ɓace a baranda sannan hannun ya yarda ya motsa.