Kwalaben da Suka Kwana a Gida

A shekarar da aka ɗauke ni cikin shirin horar da sababbin masu binciken lafiya, ina zaune ne a wurin goggona a Tudun Wada. Gama karatuna na kimiyyar ɗakin gwaji ke nan. Ban iya magana a gaban mutane ba, abin da na iya shi ne rubutu mai tsafta. Tun ina aji ɗaya ake aron littafina a kwafa, a maido mini, wasu har muka gama ba su san yadda muryata take ba.

Tsarin shirin ya burge ni da na karanta shi. Kowane ɗalibi za a haɗa shi da malamai biyu masu yi masa ja-gora, daga fannoni daban-daban, don abin da ya ɓace wa ɗaya, ɗayan ya gani. Za mu riƙa zama mu uku sau ɗaya a wata, su sa hannu a takarda ɗaya. In rahoton shekarar farko ya karɓu, ɗalibi ya wuce shekara ta biyu, a kuma kai magani wurin da ya yi binciken. In bai karɓu ba, shi ke nan.

Ni an haɗa ni da Farfesa, masanin ƙwayoyin cuta, da wata dattijuwa masaniyar zamantakewa wadda kowa ke kira Mama Dakta. Shi ya girme ta a muƙami, ita ta girme shi a shekaru, har an ce ta san shi tun yana ɗalibi mai wando ɗaya. Ofishinsa yana hawa na biyu a wani gini a ɗaya gefen gari, nata kuma ta wajen Titin Bauchi. Ba wanda ya taɓa cewa ba zai je wurin wani ba.

"Ki gaishe mini da Mama," in ji Farfesa ranar farko. "Ki ce mata ƙofata a buɗe take kowace Laraba."

Na hau keke na kai saƙo. Mama Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau.

"Allah sarki, ɗana Farfesa. Ki ce masa gwiwoyina ba sa shiri da matakalar benensa. Shi da ke da direba, ai ya san hanya."

Ban kai wannan saƙon ba. Na ce masa tana gaishe shi. Daga nan ya zama kowane ƙarshen wata ni ke ɗaukar takardar zaman mu uku, in kai masa ya sa hannu, in kai mata ta sa hannu. Kwanan watan ma ni nake rubutawa, da kyakkyawan rubutuna.

Bincikena a kan tsargiya ne, ciwon da ke sa yara fitsarin jini. Akwai wani ƙauye kudu da gari, kewaye da tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika. A nan ake wanki, a nan ake ban ruwan dankali da kabeji, a nan yara ke iyo. Aikina shi ne in karɓi fitsarin yaran makarantar firamare, in tace shi, in ƙirga ƙwan tsutsar a ƙarƙashin madubin gwaji.

Farfesa ya faɗa mini yadda ake yi, yana duban wayarsa.

"A makaranta, da rana tsaka, lokacin ne ƙwan ya fi fita. Kuma kina wurin. Ki ba yaro kwalba da hannunki, ki karɓa da hannunki."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Da na nuna wa Mama Dakta tsarin, sai ta ajiye biro.

"A makaranta? Yarinya da ta fara girma ta riƙo kwalbar fitsari ta ratsa gaban maza 'yan ajinsu? Ke za ki iya? Ki tara iyaye mata, ki yi musu bayani, ki ba su kwalaben su tafi da su gida. Da safe su kawo miki. Mutane ne, 'yata, ba ɓeraye ba."

Na ce, "To, Mama."

Na gwada hanyar Farfesa ranar farko. 'Yan matan suka ƙi fitowa daga aji. Mazan suna ɗaga kwalabensu sama suna gwada wa ya fi ja. Wata yarinya da malaminsu ya tilasta ta fita ta dawo da kwalba wayam, tana kuka. Na ga kaina a jikinta. Washegari na bi ta Mama Dakta. Na tara matan a harabar coci bayan taron zumuntarsu, na yi bayani idona a ƙasa, na raba kwalabe, kowace da lambar gida da lambar yaro. Da safe suka kawo su cikin leda, babu wadda ta ɓata.

Ban gaya wa Farfesa na sauya hanya ba. Ban ɓoye ba, a ganina na lokacin. Bai tambaya ba ne kawai. Shi jadawalin ƙirga yake so ya gani, Mama Dakta kuma labarin yadda aka karɓe ni take so ta ji. Kowa na kai masa abin da yake so.

Na ji daɗin makonnin ɗakin gwaji fiye da komai. Ba mai magana da ni. Damina ce, ruwa na dukan kwano, wani lokaci da ƙanƙara, ni kuma ina cikin rigar sanyi a ƙarƙashin farar riga, ina ƙirga. Ƙwan tsutsar yana da ɗan tsini a ƙarshensa kamar ƙaya. Kowace kwalba sau biyu nake ƙirga ta, in rubuta da biro, abin da ya ba ni shakka kuma in rubuta shi a gefe da fensir.

A mako na biyu fensirin ya fara yawa. Gida mai yara huɗu, kwalabe huɗu launinsu ɗaya, ƙirgarsu kusan ɗaya. Gida na gaba ma haka. In gida ya yi ja, duk ya yi ja, har ƙaramar da ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Na rubuta a gefe: me ya sa 'yan gida ɗaya suke kama haka? Na ja layi a ƙarƙashi.

Na kai wa Farfesa jadawalin da niyyar in nuna masa gefen. Ya duba, fuskarsa ta washe.

"Kin gani? Ciwon a cikin gida yake taruwa. Wannan abu ne da za a buga. Yarinyar nan shiru-shiru, ashe akwai kai."

Ba a taɓa yabona haka ba. Na rufe littafin.

Duk wata muna da darasi ta kwamfuta tare da ɗaliban wasu ƙasashe. Masu koyarwar suna yawan cewa mu faɗi matsalolinmu, babu tambayar da ta yi ƙanƙanta, malaman ja-gora abokan aikinmu ne. Akwai ɗan hoton hannu da ake dannawa in ana son magana. Sau uku na kai yatsana kansa. Ban ga yadda zan ce, a gaban baƙi, malamaina biyu sun ba ni umarni biyu kuma ba su taɓa zama tare ba. Tonon asirin manya ke nan. Ba haka aka rene ni ba.

Saura mako biyu a gabatar da rahoto na koma ƙauyen ni kaɗai. Na nufi gidan wata mata da ta fi sakin jiki da ni, gida mai shingen ƙerana kusa da babban ramin. Na same ta tana dama gwate. Ta zuba mini, ta tsaya a kaina sai da na ci.

"Likita, yaushe maganin?" Haka suke kirana, na gaji da cewa ni ba likita ba ce.

Na ce, "Mama, tambaya ce da ni. Kwalaben nan huɗu da na ba ki, kowane yaro ne ya yi a tasa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa.

"Na babban na raba musu. Shi ne nasa ya yi ja sosai."

"Don me, Mama?"

"Ba ke kika ce wanda aka ga ciwon a nasa shi za a ba magani ba? To duka huɗun ruwa ɗaya suke shiga. Yau wannan ne, gobe wancan. In kin ba ɗaya kin tafi, na ƙaramar ya fito bayan wata biyu, ina zan gan ki? Kin san sau nawa aka zo aka rubuta sunayenmu a nan?"

"Ke kaɗai kika yi haka?"

Ta yi dariya. "A zumunta muka yi shawara. Wadda babu mai ja a gidanta ma ta aika maƙwabta. Ci abincinki, yana hucewa."

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Da Mama Dakta ta ga jadawalin ƙirgar, da kallo ɗaya za ta gane abin da matan suka yi. Da Farfesa ya ji kwalabe sun kwana a gida, da a ranar zai hana. Kowannensu yana riƙe da rabin abin, ni ce kaɗai na ga duka, kuma aikin da aka ɗauke ni in koya ke nan.

Akwai sauran lokaci. Ana iya neman ƙarin wata ɗaya a sake ɗiba. Ranar Laraba na hau benen Farfesa da littafina a hannu, na sa yatsa a shafin. Na jira a kan benci har baƙinsa suka fita. Na shiga, na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, 'yar gidana. Komai lafiya? Na riga na gaya wa masu shirin su saurari rahotonki da kyau."

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Takardar ƙarshen wata na kawo."

Ya sa hannu. Na sauko.

Ranar gabatarwa ita ce rana ta farko da na ga su biyun a ɗaki ɗaya. An yi ta a wani ɗakin taro da ba na kowa ba, shi ya sa. Sun gaisa da fara'a, ya ja mata kujera, ta tambayi iyalinsa. Alƙalan shirin suna kan allon bango ta bidiyo, daga ƙasashensu. Na karanta rahotona ba tare da na ɗaga kai ba. Da na gama, wata mata daga cikinsu ta yaba tsaftar jadawalin, sannan ta tambaya a hankali, a ina aka ɗibi fitsarin, da wane lokaci, kuma wa ya gani.

Ƙarya ba ta cikin abin da na iya. Na ce a gida ne, da safe, ba wanda ya gani. Tun da bakina ya buɗe, sai na buɗe littafin na karanta musu gefen fensir gaba ɗaya, har da abin da matar ƙauyen ta faɗa mini. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gaban mutane.

Farfesa ya juya wajen Mama Dakta.

"Mama, ashe da shawararki aka yi wannan?"

"Da shawarata aka raba kwalabe, ɗana. Ƙirgar kuwa yau na fara ganinta. Na ɗauka kana dubawa."

"Ni ma na ɗauka ana bin abin da na ce."

Matar da ke kan allo ta ce takardun da ke gabanta sun nuna mun zauna mu uku kowane wata. Rubutun kwanan watan nawa ne.

Wasiƙar ta zo bayan 'yan makonni, da lafazi mai daɗi. Sun yaba gaskiyata. Sun ce ba za a iya dogara da sakamakon ba, don haka ba za a wuce da aikin zuwa shekara ta biyu ba. Farfesa bai sake kirana ba. Mama Dakta ta kira sau ɗaya, ta ce, "Da kin yi magana, 'yata." Na ce, "Haka ne, Mama." An ba su sababbin ɗalibai a zagaye na gaba. Na ji an ce ɗaya daga cikinsu yana yawo da takarda a keke.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji a unguwar Kabong, ina duba jinin masu zazzaɓi. Ba a buƙatar in yi magana. Goggo ta daina tambayata yaushe za a tura ni waje karatu.

Watannin baya ta aike ni kasuwa sayen dankali. Ina cikin zaɓa na ji an ce, "Likita!" Matar gidan ƙerana ce, zaune bayan tulin kabeji. Ta kama hannuna da hannu biyu. Na tambayi yara.

"Suna nan. Na ƙaramar ma ya fito, kamar yadda na gaya miki. Yanzu ba sai na raba musu ba." Ta yi dariya. "Matan zumunta suna ta tambaya. Na ce musu aikin manya ba ya sauri, amma wannan yarinyar ta rubuta komai, na ga littafinta da idona. Yaushe za ku zo?"

Na dubi kabejin. Na san abin da ya kamata in ce, na ma jera kalmomin a raina, daga farko har ƙarshe.

Na ce, "Ana kan shiri, Mama."

Ta ƙara mini kabeji ɗaya a leda, ta ce in kai wa mutanen gida.