Yadda Na Miƙa wa Lawwali Usur

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin wasanni, wadda ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis ta tsakiyar damina, ranar da muka zauna zaɓen sabon koci na ƙungiyar ƙwallon garinmu, Kaura Namoda. Ku da kuke ofis yanzu kuna jin labarin gutsi-gutsi daga bakin waɗanda ba su halarta ba. To ga shi daga bakin wanda abin ya faɗa wa a ka.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke Zamfara ba, jirgin ƙasa kuma yana zuwa Kaura ya sauke gajiya ya juya. Ni malamin makaranta ne mai takardar koyarwa ta Giredi Tu. Da safe in koyar da Turanci da tarihi, da yamma in fita fili da yara. Da aka ga himmata sai aka tura ni kwas na horar da 'yan wasa, na dawo da takarda mai hatimi, sannan ofishin ilimi ya ba da aro na ga ƙungiyar gari in riƙe mata sakatare.

Sunan ƙungiyar Guguwa. Wanda ya raɗa mata sunan mutum ne mai kyakkyawan zato, domin a shekarar da nake ba ku labari ko ganyen dawa ba ta iya kaɗawa. Shinkafi sun zo har gida sun ci mu. Mun je Zurmi an ci mu. Moriki, da muka saba zuwa mu huce haushi a kansu, suka riƙe mu kunnen doki. Kocinmu, wani tsohon soja, ya kawo mini usur ɗin ƙungiya ya ce zai koma gona, don gero ba ya mayar da magana. Wasanni kaɗan suka rage mana a gasar. In muka ci gaba da faɗuwa za a sauke mu daga gasar shiyya, shugabanmu kuma ya rantse in haka ta faru zai janye motarsa, kowa ya koma buga lemun tsami a lungu.

Shugaban nan shi ne Alhaji Mamman mai manyan motoci. A bayan motarsa muke zuwa duk wasan waje. Kuma surukina ne, 'yarsa Asabe nake aure. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ai na ci riba. Ina! Ba na haɗa ido da shi, ba na kama sunansa, shi ma ba ya kama nawa. Duk zaman kwamiti ni ina kallon takalmina, shi yana kallon carbinsa, haka muka tafiyar da ƙungiya shekara da shekaru.

Sai na bayyana muku yadda ake ba da muƙami a wancan zamani, don ku yanzu kun saba shiga gaban kwamiti ku yabi kanku har a ce ya isa. Mu a wurinmu ba a neman muƙami da baki. Wani ne zai ambaci sunanka. Kai kuma ka ce ba ka isa ba, ka ambaci wani don girmamawa. Shi wancan ya mayar maka. Sannan wani babba ya ce, "Haba, ka daure ka taimaki jama'a." A nan za ka sunkuyar da kai ka karɓa, kamar wanda aka ɗora wa buhun gishiri. Tamkar baƙo ne da aka yi wa tayin tuwo: zai ce ya ƙoshi ko da cikinsa na kiran ciroma, don ya san mai gida zai sake tayi. Duk abin ya rataya ne a kan mai sake tayin. Bisa al'ada shugaba ke yi. To amma shugaba ba zai iya buɗe baki a gaban jama'a ya matsa a ba mijin 'yarsa muƙami ba. Saboda haka aka shirya, ba tare da ni da Alhaji mun taɓa zancen ba, cewa mataimakinsa Ɗan'ige, dillalin shanu, shi zai yi wannan aiki.

Mutum ɗaya ne ake iya ambata bayan ni, wato Malam Lawwali, mutumin Zurmi. Ajinmu ɗaya a kwalejin horon malamai. Ni nake zuwa na ɗaya, shi ake naɗa wa shugabancin ɗalibai. Ni nake rubuta wa ajinmu jawabin muhawara, shi yake karantawa a tafa masa. Allah ya ba shi tsawo, da murya, da irin dariyar nan da ke sa mutane su ga kamar sun daɗe da saninsa. Ya taɓa tsaron gida a kwaleji, shi ke nan iyakar iliminsa na ƙwallo. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kaura sai ya riƙa zuwa bakin fili yana shan rake, yana daka wa 'yan wasa tsawa ba wanda ya sa shi. Abin haushi, in na yi musu bayani da alli a kan allo sai su yi hamma, in ya yi tsawa sai su yi gudu. Ban ce ba shi da iyawa ba. Abin da na ce, kuma har yau ina cewa, na fi shi.

Alhamis ranar kasuwar Shinkafi ce, Ɗan'ige kuwa ko aurensa ake ɗaurawa ba ya fashinta. Da safe na tare shi a tasha yana shirin hawa mota.

"Baba Ɗan'ige, ka tuna yau da la'asar ne zaman nan."

"Malam Bello, kwantar da hankalinka. Ko bisa jaki ne ina dawowa. Kai dai ka ce ba ka so, ka hwaɗa da kyau yadda kowa zai ji. Sauran aiki nawa ne."

Da azahar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ban kawo komai a raina ba. Na sa sabon kaftani, na jefa usur a aljihu, ina jin nauyinsa kamar ya riga ya zama nawa.

Bayan la'asar muka hallara a zauren Alhaji. Kowa ya zo, har Lawwali da aka gayyata don cika ladabi. Gurbin Ɗan'ige a kan tabarma kaɗai ne babu kowa. Alhaji ya ja gaisuwa ta yi tsawo, ya tambayi kowa gonarsa, ya sa aka kawo goro, ya sa aka sake kawo ruwa. Na gane jinkiri yake yi. Da ya ga rana na neman faɗuwa sai ya yi gyaran murya.

"To jama'a, kun ga halin da munka shiga. Yaran mota na yi mani dariya cikin tasha, in na juyo su ce tari suka yi. A ba ni suna."

Mudi tela, mai ɗinka mana riguna, ya ce, "Alhaji, ai ba sai an tai nesa ba. Ga Malam Bello nan. Shi ke da takarda, shi ya san yaran."

Na dubi ƙofa. Babu kowa sai wata akuya da ta fake wa yayyafi. Mai hankali zai ce in yi shiru, ko in ce a ɗage zama. Amma harshen da aka hora tun yana ƙarami ba ya jiran shawara. Kafin in ankara na ji kaina ina cewa:

"Ni wa? Ina ni ina wannan nauyi, ga manya zaune? Takarda ai ba ta buga ƙwallo. Ga ɗan'uwana Malam Lawwali nan, ya fi ni sanin fili nesa ba kusa ba."

Na faɗa da kyau, kamar yadda aka umarce ni. Ina jin ban taɓa yin jawabi mai daɗin wannan ba. Saura Lawwali ya mayar mini.

Lawwali ya gyara zaman hularsa. Ya dubi Alhaji, Alhaji na kallon carbi. Ya dube ni, ina kallon takalmi. Ya dubi gurbin Ɗan'ige. Sannan ya yi murmushin nan nasa.

"To, tunda wanda ya hi mu ilimi duka ya ga na dace, ni wane ne in musa mai? Bismillahi, na karɓa. Allah ya taya mu riƙo."

Mudi ya buɗe baki ya rufe, domin wanda ya ambaci suna ba shi ke matsawa ba, kuma shi ƙarami ne a wurin. Kowa ya zuba wa Alhaji ido. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta gyara komai, kuma ita ce kalmar da ba zai iya furtawa ba. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbi. Can wani dattijo da ke gefe, wanda tun ɗazu hankalinsa na kan alwalar magariba, ya ɗaga hannu ya ce, "To madalla, a yi fatiha." Aka shafa. Kun san a ƙasarmu abin da aka shafa wa fatiha ko alƙali ba ya tayar da shi.

Alhaji ya ce wa bango, "Sakatare, a ba shi usur."

Na sa hannu a aljihun sabon kaftani na fito da shi na miƙa. Lawwali ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa.

Muna miƙewa sai muka ji sallama da ƙarfi daga waje. Ɗan'ige ne, laka har gwiwa, takalmi a hannu. Motarsu ta kafe a hanya sai da suka tura. Tun bai gama shigowa ba, bai dubi kowa ba, ya ɗaga murya:

"Haba Malam Bello! Ka daure ka taimaki jama'a!"

Lawwali ya rataya usur a wuya ya ce, "Baba Ɗan'ige, sannu da hanya. Ya riga ya taimaka."

Har dattijon mai alwala sai da ya yi dariya.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Asabe ta ajiye mini tuwo ta zauna nesa kaɗan.

"Baba ya aiko. Ya ce a gaya wa mai gidan nan, shi dai ya wanke mota ya cika ta da mai, direba ya ce bai iya tuƙi ba."

"Ki gaya masa direba ya jira mai mota ya ce hau."

"Ni ba zan kai wannan ba. Kai da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ci tuwonka."

Washegari na sami Lawwali a fili kafin yara su zo. Ban yi masa doguwar gaisuwa ba.

"Lawwali, ka san yadda ake yi. Don me ba ka mayar mini ba?"

"Na sani sarai."

"To?"

"Bello, kana so, ina so. Kai ka ce ba ka so a gaban shaidu. Ni ban iya ƙarya da kyau kamarka ba." Ya ɓare rake ya miƙo mini. "Zo ka nuna mani abin nan naka na allo. 'Yan bayanmu kamar ƙofar kasuwa suke, kowa shiga yake."

Na so in ce ya je ya tambayi muryarsa. Amma ƙungiyar tawa ce tun kafin ya san hanyar Kaura, kuma na nuna masa. Ya ɗauki abin da na yi wata da watanni ina fama in cusa wa yaran, ya mayar da shi tsawa uku, suka gane a yini ɗaya.

Guguwa ba ta sauka ba. Ban taɓa yi mata fatan faɗuwa ba, Allah ya sani. Fatana dai ta ci ta hanyar da kowa zai gane ba dabarar Lawwali ba ce: iska ta kaɗa ƙwallo, ko golan abokan hamayya ya zame. Ba a ba ni ko wannan ba. Wasan ƙarshe ya sake kai mu Zurmi, garinsu, gaban 'yan'uwansa, muka ci su da tsarin 'yan bayan da na zana da hannuna. Da aka tashi 'yan wasa suka ruga suka ɗaga shi sama. Kafin su ɗauke shi ya waiwayo ya cire hularsa ya miƙo mini.

"Sakatare, riƙe mani kar ta hwaɗi."

Na riƙe. Haka na bi su a baya har bakin mota, ana kiran sunansa, ni ina ɗauke da hula. Alhaji na zaune a gaban mota, gilashi a sauke. Da na zo wucewa ya ce wa direbansa, da muryar da za ta iso ni, "Tsarin bayan nan ya yi kyau. Ko wa ya yi shi." Iyakar yabon da na samu ke nan a wannan shekara, shi ma ta hannun direba.

Abin da na koya, ku da ke tasowa, shi ne kawaici ba aikin mutum ɗaya ba ne. Abu ne mai kyau, ban ce ku yar da shi ba, amma sai da mai tayi, da mai mayarwa, da mai matsawa. Kafin ka ce ba ka so, ɗaga kai ka duba ko duk suna zaune. In ɗaya ya tafi kasuwa, riƙe bakinka. Na kuma koyi cewa 'yan wasa ba wanda ya fi sani suke bi ba, wanda suka fi ji suke bi, kuma wannan rabo ne da ba a bayarwa a kwas.

Lawwali yana nan da ransa a Zurmi, ya tsufa, muryar dai ba ta tsufa ba. Muna gaisawa, muna zuwa sunan jikokin juna. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Gonar Lawwali ta yi kyau ƙwarai, ni shaida ne, don ni na yi ta kai masa takin.