Hular Yaya

Bayan rasuwar yayana, hotonsa ɗaya ya rage mana a Tambuwal, ƙarami, wanda aka ɗauke shi lokacin da za a tura shi koyarwa Kebbe. Ina tsoron ya dushe, don haka bayan la'asar nakan ɗebo gawayi a murhu, in kwaikwayi fuskar a kan takardar buhun siminti. Komai yakan fito daidai, amma ba shi ba ne.

Wata rana Inna ta tsaya bayana, ta daɗe tana kallo.

"Mai hoto ya gyara mai hula," ta ce. "A karkace shika sa ta."

Na goge da yatsa, na karkatar da ita hagu. Inna ta jawo tabarma, ta zauna kusa da ni.