Yadda Kawu Tela Ya Koyi Hawan Dutse

Kawuna tela ne, kuma duk wanda ya san shi a da, a zaune ya san shi. Daga gado sai kujerar keken ɗinki, daga kujera sai tabarmar cin abinci. Ko zare ne ya ƙare masa, ga shagon mai zare yana kallon nasa, sai ya jira mai wucewa ya aike shi. Tumbinsa har ya fara gogar teburin keke.

Sai aka yi wa matarsa canjin wurin aiki. Ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa yake ce mata Likita. Aka tura ta wani gari da ke manne a jikin dutse, gida bisa gida kamar an jera kwanuka. Gidan da suka samu yana can sama kusa da asibiti, shagon da ya kama kuwa yana can ƙasa bakin kasuwa. Tsakaninsu wata siririyar hanya ce mai matakala, ko babur ba ya bin ta.

Saukowa da safe ba laifi, komawa ce aiki. Ranar farko Kawu ya iso gida yana huci kamar zugazugi, ya zube a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Likita, zo ki auna ni! Wallahi zuciyata ta dawo maƙogwaro."

Ta auna shi, ta ce, "Baban yara, zuciyarka lafiyarta lau. Mamaki kawai take yi, ba ta taɓa ganin ka yi tafiya ba."

Da yake ba makawa sai an hau, Kawu ya ɓullo da dabara. Duk inda numfashi ya ƙwace masa, sai ya dafa ƙofar gidan da ke kusa ya yi sallama, don kada a gane gajiya ce. Ya tambayi lafiyar maigida, ya tambayi yara, ya tambayi awaki, in ƙafa ba ta huce ba ya gangaro kan kaji. Mutanen gari suka ce ba su taɓa ganin baƙo mai zumunci irin wannan tela ba. Kafin a jima sun fara miƙo masa yadi, yana auna su nan bakin ƙofa. Mai burodin unguwar ma ya ajiye masa benci na musamman.

Wata rana da yamma yana hawa, yana tunanin wuyan wata riga, sai ya ji ana ƙwala masa kira daga baya. Mai burodi ne, duk jikinsa fulawa.

"Tela, laifin me na yi maka? Ka wuce ni ko kallo babu!"

Kawu ya tsaya, ya dubi bencin can ƙasa, ya dubi ƙafafunsa, ya dafa ƙirji. Shiru, ba huci. Sai ya fashe da dariya har da buga cinya. Ranar bai tsaya a gida ba, ya zarce sama don ya ga inda hanyar ta ƙare. Likita tana shanya ta ga mijinta ya wuce ta fuu, ta bi shi da ido baki buɗe.

Daga nan abin ya zame masa jaraba. Ya sayi takalmin kambas, ya sami sanda, ya harhaɗa ƙyallayen shago ya ɗinka jakar gorar ruwa mai launi kala-kala. Ya dami mai burodi har ya yarda ya riƙa raka shi ranar hutu. Ranar da suka fara kaiwa ƙololuwar dutsen, Kawu ya ɗaga hannu biyu sama don murna, wandonsa kuwa ya sulale har gwiwa, don tumbin da ke riƙe da shi ya tafi. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta kau da kai tana cewa, "Wannan bawan Allah, a kai shi wurin tela mana." Mai burodi sai da ya kwanta a ƙasa don dariya.

Da na kai musu ziyara, ko jakata ban gama ajiyewa ba ya ce, "Ɗiyata, sa takalmi, akwai abin da zan nuna miki." Muka hau, yana gaba yana zuba surutu, ina baya ina roƙon Allah. A can sama rana tana haskawa, amma ƙasa da mu wani baƙin hadari ya lulluɓe rabin gari, ruwa na zuba daga cikinsa. Kawu ya yi tsalle kamar yaro, ya zaro waya.

"Likita! Kwashe shanya, ruwa na zuwa! Ga shi nan a ƙarƙashin ƙafata, wallahi mun fi hadari tudu!"

Ina jin muryarta daga wayar: "Ai ya riga ya jiƙa ni sharkaf. In kun gama fin hadari tudu, ku sauko ku taya ni matse kayan."