Ranar da Na Juya Sif a Cikin Kaina

Ko zan manta komai na bikin ƙanwata, ranar jerenta a garin Dayi tana nan daram a raina. Mun taso daga Funtua da kayan ɗaki cike da mota, muna ta guɗa. Komai ya shiga gidan ango lafiya, sai sif ɗin kaya. Kafinta ya haɗa shi dunƙule ɗaya, ba ya kwancewa, dogo ne har ya fi ƙofa.

Gidan na gargajiya ne. Ƙofar waje da ta cikin gida ba sa kallon juna, sai ka shiga zaure ka yi kwana, don kada na waje ya hango mata. Maza suka kwantar da sif suka shigar da shi zaure, amma ya ƙi yin kwanar. Su tura, su ja, gumi sharkaf, har fenti ya fara goguwa.

Gwaggonmu, wadda ita ta jagoranci jeren, ta riƙe ƙugu. "Wallahi ba mu barin kayan 'yarmu a waje kamar na gwanjo! A fasa bangon nan."

Mahaifin ango yana zaune gefe a kan buzu. Tsoho ne mai sanyin magana. Ya ce, "Hajiya, mahaifina ya gina zauren nan da hannunsa, a nan ya karantar da mu. Amma ku baƙina ne, ba na kunyata ku. A kawo diga." Na ga hannunsa yana shafa bangon, sai tausayi ya kama ni. Ta yaya ƙanwata za ta fara zama a gidan da aka rushe wa tsoho zaure saboda ita?

Lokacin ina karatun koyarwa. Malaminmu na ilimin halayyar ɗan Adam ya taɓa nuna mana cewa ƙwaƙwalwa tana iya ɗaukar hoton abu ta juya shi sannu a hankali, kamar yana hannunka. Ni kuwa tun ina yarinya ake mini tsiya wai na cika tsayawa ina kallon iska.

Na ce, "Baba, a ɗan dakata." Na kalli sif, na kalli rufin zaure, na rufe ido.

Gwaggo ta ce, "To fa! Ana neman mafita, ita barci ta zo yi."

Ban kula ta ba. Ga zauren nan a kaina, ga sif a kwance. Na ɗaga kansa a hankali don in miƙar da shi tsaye, sai kusurwarsa ta bugi rufi. Na mayar da shi ƙasa. Na sake duba rufin a raina, ashe ɗaurin guga ne, tsakiyarsa ta fi gefe tsawo. Na ja sif zuwa tsakiya, na ɗaga, ya miƙe da ƙyar. Na juya shi a tsaye, na kwantar da shi kansa na kallon ƙofar ciki, ya wuce sumul.

Na buɗe ido na dubi mazan. "Ku ja shi tsakiya, ku tayar da shi a nan."

Wani yayan ango ya yi dariya. "Malama, kin gwada ne?"

"Na gwada, har ya bugi rufi sau ɗaya."

Dariya ta ɓarke, amma tsohon ya ce a yi yadda na faɗa. Da suka tayar da shi, tsakaninsa da rufi bai fi a zura yatsa ba, daidai yadda na gani. Suka juya, suka kwantar, sif ya shige cikin gida. Kai, guɗar da Gwaggo ta rangaɗa, ita da ta gama yi mini tsiya! Ni kam na ji kamar in taka rawa a gaban surukai.

Tsohon ya mayar da digar da kansa, ya dawo idonsa ya yi ja. "Allah Ya yi miki albarka, 'yata."

Yau 'ya'yan ƙanwata a zauren nan suke karatu. Tun ranar na koyi cewa kafin a ɗaga diga, a fara rufe ido a gwada abin a kai, don a can ko sau nawa ka bugi rufi, ba abin da zai rushe.