Kunun da Ya Yini a Kwanon Dada

Ranar ashirin da ɗaya ga watan azumin shekarar 1993, saura kaɗan a kira magariba, na ɗaga murfin babban kwanon Dada don in saka ludayi, sai na ga wani siririn zobe kore-kore ya kewaye bakin kunun, daidai inda kunu ya haɗu da ƙarfe. Na sha dama kunun tsamiya, na san launinsa kamar yadda na san tafin hannuna, ban taɓa ganin kore a cikinsa ba. Wani wari kuma ya bugi hancina, irin wanda kwabo ke bari a hannu idan an daɗe ana damƙe da shi cikin zufa. Shekarata goma sha ɗaya, kuma a shekarar na fara azumi ba tsallake, don haka ko ɗanɗanawa ba ni da halin yi. Na ruga madafa na gaya wa Goggo Asma'u, ƙanwar mahaifina, tana tsaye a kan kaskon ƙosai. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke dai kin cika iyayi. Inuwar kwano ce. Juya shi ki kai zaure, baƙi sun zauna." Na sa ludayi na juya, koren ya ɓace cikin kunu, na ɗauka na kai.

Gidanmu yana unguwar Turaki a Jalingo, kuma Dada, wato kakata ta wajen uba, ita ce ginshiƙinsa. Mahaifina ya rasu ina shekara biyar. Mahaifiyata 'yar Kona ce, da ta gama takaba ta koma garinsu, Dada ta riƙe ni. A ɗakinta nake kwana, a gindin jerenta, kuma duk unguwar ba ɗakin da ya kai shi tsofaffin kaya. Akwai tasoshin Bida masu zanen da aka buga da guduma, da tangaran na ƙasar Sin masu shuɗin kifi, ɗaya ya tsage an ɗaure shi da siririyar waya. Akwai butar shayi mai dogon wuya da wani Buzu ya kawo daga Agadas, da langa-langan fenti da suka fara zubar da fure, da wata 'yar tukunyar ƙabilar Mumuye baƙa ƙirin da Dada ke ajiye turaren wuta. A ƙasa kusa da ƙofa akwai tulun Kona da mahaifiyata ta kawo ranar da aka kawo ta gidan, ruwansa ya fi na kowace randa sanyi. Can ƙololuwa kuma sai babban kwanon jan ƙarfe mai murfi, wanda surukin Dada ya sayo a hanyar Makka lokacin da ake tafiya a ƙasa ta Sudan. Dada takan lissafa su kamar tana lissafa dangi, ta faɗi wanda ya kawo kowanne da shekarar da aka yi fara ko ambaliya. Takan ce, "Kwano ya fi mai shi daɗewa, saboda haka a riƙa gaishe shi da hannu biyu."

Da can Dada ke wanke su da kanta, da tsumma mai laushi da sabulun salo, ni nawa miƙo wannan, karɓi wancan. Da gwiwoyinta suka ƙi, yanar ido kuma ta rufe mata gani, sai aikin ya dawo kaina, Goggo ke duba ni. Kowace Asabar, yayin da ƙawayena ke ƙofar gida suna 'yar gala-gala da carafke, ni ina bakin rijiya da toka da soson kara da yashin da ake ɗebo mana daga rafin Mayo-Gwoi. Cikin babban kwanon akwai wani fari-fari mai duhu, kamar tsohuwar azurfa. Goggo ta ce dauɗar shekaru ce, ƙazantar tsofaffi, in dirje shi sai ta ga fuskarta a ciki. Na dirza har fatar yatsuna ta saɓule, a makaranta in na riƙe alƙalami sai in ji zafi, malamin lissafi ya sha duka na a kan mummunan rubutu. Kusan shekara biyu na yi kafin cikin kwanon ya koma ja wur kamar bayansa. Ranar da na gama, Goggo ta leƙa ta ce yanzu ya zama kwano. Har na yi barci da murna a ranar, don ba kasafai take yaba mini ba.

A ranar da nake ba da labari, Bappa Umaru, yayan mahaifina, ya gayyato manya biyu daga ofishinsu shan ruwa. Lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, baƙi sun cika gari, kowane gida yana so a san shi ɗan asali ne. Goggo ta ce ba za a kai wa irin waɗannan mutane kunu a roba ba, a sauko da kwanon Makka su gani. Ba a taɓa zuba abinci a cikinsa ba tun da na yi wayo. Saboda aiki ya yi yawa, tun bayan azahar ta sa na dama kunun, da tsamiya mai yawa yadda Bappa ke so, na juye da zafinsa na rufe. Nan ya yini. Duk gidan kowa da azumi a baki, ba wanda ya kai shi harshe. Da aka sha ruwa, Dada ta ji an ce da kwanon surukinta aka kai, ta yi dariya ta ce a ɗebo mata daga ciki ita ma ta samu albarka. Ni na ɗebo mata, cike da ƙoƙo. Mu yara kuwa ragowar tukunya aka zuba mana a ƙwarya, kamar kullum.

Kafin a kira lisha, Bappa yana durƙushe a bayan zaure yana amai, baƙinsa ma haka. Dada ta fi kowa jin jiki. Ta riƙe ciki tana kiran sunan Allah, jikinta ya yi sanyi, aka nemo tasi aka tafi da ita asibiti. Da gari ya waye, baƙi sun warware a gidajensu, Bappa ya miƙe yana layi, sai aka fara lissafin wanda ya sha da wanda bai sha ba. Wa ya dama? Ni. Wa ya kai? Ni. Wa ya ɗebo wa Dada? Ni. Wa kuma ya kwana lafiya lau? Sai Goggo ta tuna cewa makon da ya wuce na je Kona gaida mahaifiyata, na dawo da ƙullin daddawa da gyaɗa. Ta ce a gaban kowa, "Ai ba a banza aka ba ta ƙulli ba. Mutanen can ba su da wasa, mun sani." Na buɗe baki in ce ai na nuna mata koren, ta daka mini tsawa ta ce kar in sake in sa sunanta cikin maitata. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tulun mahaifiyata, ta rotsa shi a tsakar gida wai tana neman laya a gindinsa. Ruwa kawai ya malale. Wannan bai sa kowa ya ji kunya ba.

Bappa bai doke ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kama hannuna ya tura ni ɗakin Dada, ya ce cikin sanyin murya, "Ki yi addu'a ta tashi. In ta cika, ke da uwarki a hannun 'yan sanda za ku yi Salla." Ya sa kwaɗo. Kwana uku na yi a ciki, ana buɗewa a miƙo mini tuwo da magariba da asuba, a raka ni bayi kamar ɓarauniya. Ba 'yan sanda na fi tsoro ba. Na fi tsoron cewa ƙila gaskiya suke faɗa ta wata hanyar, domin ni na ga koren, ni kuma na juya shi da hannuna, ni na miƙa wa tsohuwar da ke ɓoye mini ƙashin kaza a gefen zanenta. Duk motar da ta tsaya a waje sai in kasa kunne in ji ko za a fasa kuka. Ina zaune, tasoshi da tangaran sun kewaye ni, gurbin babban kwano a sama ba kowa. Mutum ɗaya ce ta yi mini magana, maƙwabciyarmu Mama Talatu, Bamumuyiya mai sayar da doya. Ta zagayo ta bayan taga ta raɗa mini da irin Hausarta, "Yarinya, kar ka yi kuka. Ni na sani kai bai yi komai ba." Manya nawa ne a gidan, masu karatu da masu carbi, amma sai mai doya.

A rana ta uku Bappa ya nannaɗe kwanon a buhu ya kai Kasuwar Jalingo wajen Malam Sule, wani tsohon Bakano maƙerin farin ƙarfe, wai ya gasa shi a wuta don abin da aka zuba ya ƙone. Malam Sule ya buɗe murfi ya leƙa, ya rufe rumfarsa, ya biyo Bappa har gida. Ta ramin ƙofa na hango shi, gajere, da tabarau ɗaure da zare, yana rungume da kwanon kamar jariri.

"Alhaji, wa ya yi wa kwanon nan tsirara?" in ji shi.

Bappa ya ce yarinyar ce ke wankewa.

"Yarinya ta tashi da kanta ta kankare kuza? Wa ya sa ta?"

Malam Sule ya ce farin da ke ciki a da kuza ce masu ƙira suka shafa, ita ce rigar da ke raba abinci da jan ƙarfe, in ta tafi ko nono aka bari a ciki sai ya zama guba, balle tsamiya mai zafi tun azahar. Bappa ya ce shi bai taɓa jin haka ba. Tsohon ya ce, "Ai ba a ofis ake koyarwa ba. Hajiya, a taimaka mini da tsamiya da ruwan zafi, ke da kanki, kar a ce yarinya ta taɓa." Goggo ta jiƙa ta kawo. Ya raba biyu, rabi a kwano, rabi a ƙwarya, ya nemi tabarma ya zauna a gindin mangwaro yana jan carbi yana tsokanar Bappa cewa da ya san haka manyan gwamnati ke da saurin amai da ya nemi kujera. Bayan la'asar ya kira kowa. Na ƙwarya yana nan yadda yake. Na kwano ya yi zobe kore.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya, wato ba komai. Bappa ya cire kwaɗo ya ce in fito, ya juya ya tafi masallaci. Goggo ta ce ai kowa yana kuskure, ta miƙo mini tsintsiya in share ɓaraguzan tulun da aka tara a gefen katanga. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri, ba wanda ya taka zuwa Kona ya wanke sunan matar da aka kira mayya a gaban 'yarta. Maganar kuwa ta riga ta fita, har aka koma makaranta bayan Salla akwai yaran da ba sa karɓar ƙuli-ƙuli daga hannuna. Yau gidanmu na Turaki an yi masa siminti, inda jere yake an sa kabad mai gilashi cike da kuloli da robobi masu launi ɗaya, waɗanda ba wanda ya san hannun da ya yi su. Bayan rasuwar Dada masu yawon sayen tsofaffin kaya suka kwashe tasoshin da tangaran, ban ma san ranar ba. Goggo takan ba da labarin a biki tana dariya, wai shekarar da kwano ya kusa kashe mutane. Ba ta taɓa sa ni a cikin labarin ba. Ni kuwa ina kewar ɗakin, da ƙamshin turaren da ke tashi daga baƙar tukunya, da muryar da ke kiran kwanuka da sunayen matattu, amma har yau ba na iya kwana a ɗakin da aka rufe ta waje.

Fitowata daga ɗaki ba ta cire mini tsoro ba, domin Dada tana asibiti, ba wanda ya gaya mini halin da take ciki, ni kuma ban isa in tambaya ba. Sai washegari da hantsi, ina tsugune ina wankin tukwane, tasi ta tsaya. Aka shigo da ita a riƙe, ta rame, idonta ya faɗa. Goggo ta tare ta da sannu, Dada ta wuce ta kamar ba ta ji ba, tana lalube da hannu tana cewa ina yarinyar. Na fashe da kuka a inda nake. Ta bi ƙarar kukana har ta dafa kaina, ta shafa ta ji kitsona ya cukurkuɗe, ta ce, "Kwana huɗu ba wanda ya taje miki kai?" Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a nan bakin rijiya, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta fara tsefe mini kai da yatsunta. Ta sunkuyo ta ce, "Na ji komai. Ban mutu ba, kuma ba ki yi komai ba. Muddin ina numfashi ba mai sake taɓa ki." Rana ta yi zafi, ladan bai kira azahar ba, na yi barci a gwiwarta kafin ta kai rabin kai.