Mutumin da Ke Karce Faifai

Kullum bayan azahar yakan shigo shagon intanet ɗin da Murjanatu ke kula da shi a Anguwan Rogo, ya zauna can lungu da tsohuwar laftof ɗinsa. Dogo ne siriri, rigar sanyinsa ta koɗe, ƙafar gilashinsa ɗaure da zare. Ba ta san sunansa ba, kuma ba ta taɓa jin wayarsa ta yi ƙara ba.

Kowa na duba saƙonni, shi kuwa baƙin allo ne gabansa, fararen rubutu na gangarowa. Yau sai ga shi yana karce sabon faifan CD da ɗan makulli.

"Oga, ɓarna kuma?"

"Gwaji ne," in ji shi. "Can cikin cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, in ta zo karanta fayil ta tarar ya lalace, sai ta yi shiru, ta miƙo rabi, ta ce ta gama. Haka aikina na shekara biyu ya salwanta. So nake in ta kasa, ta faɗa."

Ya tura faifan. Layi guda ya fito: an kasa karantawa. Ya waiwaya da murmushi yana neman wanda zai nuna wa, amma kowa hidimar gabansa yake.

Murjanatu ta raya a ranta, watakila a gida ma haka yake waiwayawa.

"Mutanen gida fa, suna lafiya?"

Ya daɗe yana kallon karcen faifan.

"Lafiya lau," ya ce.